SAURA NA WADDA KE BAYA

Shafi na 17

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu cika min waya da "ina Rabi'atu, ina Rabi'atu", to ga ta nan, ku sarara min haka. Ke kuma da kika rubuto cewa Hajja Hawwa muguwar suruka ce, ki daure ki kai ƙarshen shafin nan kafin ki sake yanke wa baiwar Allah hukunci.

*

Tun da Rabi'atu ta sauka a Bor Sudan surukarta ba ta ce mata ko ci kanki ba.

Ranar da suka iso daga Alƙahira ta zube gwiwa biyu ta gaishe ta. Hajja Hawwa ta ɗaga kai ta dubi ɗanta Harun.

"Auta, ka ce mata lafiya lau."

Ka ce mata! Alhali ga ta durƙushe a gabanta, kuma Hausar nan dai ita suke ji dukkansu.

Haka aka ci gaba. In abinci ne, sai ta kira 'yarta.

"Ubaida, kai wa baƙuwarku."

Baƙuwa fa, ba amarya ba.

Abin ya tsaya wa Rabi'atu a rai, don ta san mijinta. Harun mutum ne da bai taɓa tsallake maganar uwarsa ba. Aurenta shi ne abu na farko da ya yi ba da cikakken son ran tsohuwar ba. Hajja ba ta hana ba, ba ta kuma sa albarka ba. Ba ta aiko kowa biki ba, ba ta taɓa karɓar waya sun gaisa ba. Dalili ɗaya aka ba Rabi'atu: wai Hajja ba ta son hulɗa da mutanen Najeriya, duk da cewa asalinta can ne.

Auren da uwa ba ta sa wa albarka ba kuwa ginin toka ne, Rabi'atu ta sani. Ita kuma tana son mijinta, son da ko ita kanta yana ba ta tsoro.

Da safen nan ya same ta a ɗaki ta zabga tagumi.

"Habibti, tashi ki yafa laffayarki."

"Ina za mu, Ustaz?"

"Ki ga garinmu. Kin zo kin ƙule a ɗaki kamar mai takaba."

"A'uzubillahi! Wane irin baki ne wannan?"

Ya yi dariya.

"To yalla, tashi. Kar ki koma unguwarmu Ainu Shams a Alƙahira ki ce wa ƙawayenki Bor Sudan bango huɗu ce da fanka."

Raksha suka tara, wato adaidaita sahunmu ta gida. Tun daga bakin layi iska ta bugi fuskarta, iska mai ɗumi da danshi, har da ɗanɗanon gishiri a leɓe. Zafin Alƙahira busasshe ne, yana ƙona ka ya bar ka. Wannan kuwa manne maka yake yi kamar yaro mai ƙiwa.

Ta yi ta raba ido. Ba dogayen benaye masu tare rana irin na unguwarsu, ba rugugin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba direbobi masu zagin juna ta taga. Tituna ne masu faɗi, da tsofaffin shaguna da aka yi wa doguwar baranda don inuwa. Can yamma duwatsu ne jajaye-jajaye, garin ya jingina da su. Mutane kam ba a magana, don tun da yaƙi ya koro na Khartoum garin ya cika ya batse.

Ta hango wasu maza dogaye cikin fararen kaya da baƙar falmaran, kowa da sanda a gicciye bisa kafaɗa.

"Su waye waɗannan?"

"Bija. Su ne masu ƙasa. Mu duk baƙi ne."

"Har ku?"

"Har mu. Mu ai hanya ce ta ajiye mu. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka zo nan ƙasa ta ƙare. Mai rabo ya samu jirgi ya haye. Wani guzuri ya ƙare masa, ya ce bari ya yi dakon shekara ɗaya a tashar jiragen ruwa."

"Sai aka yi yaya?"

"Shekara ɗayar ce har yau ba ta cika ba."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Suna shan wata kwana sai ga teku.

Rabi'atu ta damƙe hannunsa ba ta sani ba.

Ita fa Nilu ta sani, wanda in ka tsaya a kan gada kana hango ɗaya gaɓar da motocinta. Wannan ba shi da ɗaya gaɓar. Ruwa ne shuɗi shar kamar an narka bula, ya tafi ya tafi har ya haɗe da sama. Ga manyan jirage sun yi layi suna jiran shiga tasha, ga ƙarafan ɗaga kaya sun miƙa wuya sama.

"Subhanallah," ta ce a hankali.

"Bahar Maliya ke nan. Ki gaishe shi, ya girmi kakanki."

"Ustaz, wannan duk ruwa ne? Kuma kuke kukan ruwa a garin nan?"

"Ɗanɗana ki ji."

Ta tsuguna ta laƙata da yatsa, ta kai baki, ta tofar da sauri. Ya ƙyalƙyale da dariya har yana riƙe ciki.

Daga nan ya kai ta Sigala, kasuwar kifi ta bakin ruwa. Kifaye ne ja da kore da mai zane-zane, wasu ko a littafi ba ta taɓa ganinsu ba. Kai dai ka nuna da yatsa, a gyara maka, a soya a gabanka. Ta ce ita ba za ta ci abin da ba ta san sunansa ba. Da aka kawo da zafinsa, da lemon tsami da barkono, ƙaya kawai ta bar wa mijin.

"Ashe kin san sunansa," ya ce.

"Bar ni, ni baƙuwa ce."

Suka zauna gun wata mai jabana, gahawar garin, wadda ake dafawa da citta cikin ɗan tulun yumɓu mai dogon wuya. Kurɓar farko ta ji har cikin kunnenta. Tana ajiye ɗan kofin wani ƙamshi ya doki hancinta, ta waiga da sauri.

"Wallahi tsire nake ji!"

Mai gashin, wani dattijo da ke fifita wuta a gefensu, ya ɗago ya amsa mata da Hausa tsantsa.

"Tsire ne ɗiyata. Nan agashe suke ce masa. Daga wane gari?"

"Gusau, Baba."

"Allahu Akbar. Ubana daga Ƙaura ya taso. Ni ban taɓa gani ba. Har yanzu ana ruwa a can da yawa?"

"Ana yi, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ƙara mata tsinke ɗaya kyauta. Tausayinsa ya kama ta, ta rasa dalili.

Sai a nan ta tuna da saƙon kakanta.

Malam Giɗaɗo, kakanta na wajen uba, shi ya raine ta a kan cinyarsa. Yanzu haka yana gidansu a Ainu Shams, an yi masa aikin yanar ido, yayanta Lawali na jinyarsa. Ta so ta fasa tafiyar nan saboda shi, ya ce atafau sai ta je ta gaida surukarta. Da ta durƙusa yi masa sallama ya riƙe hannunta ya daɗe bai saki ba.

"Amaryata," ya ce, don haka yake tsokanarta, "in kin je, ki kalla mini ruwan nan."

Kowa a gida ya san Kaka ya yi hajjin ƙafa yana matashi. Yakan ba da labarin Borno da Chadi da Darfur har a gaji. Amma da zarar labari ya doso bakin teku sai ya ce barci yake ji.

Ta ciro waya za ta ɗauki hoto, sai ta tuna idonsa a naɗe yake da bandeji. Ta matsa daf da ruwa, ta danna wajen ɗaukar murya, ta bar igiyar ruwa ta yi ta dukan dutse tana komawa. A ƙarshe ta ce, "Kaka, ga ruwanka na kalla maka. Kai kuma ka saurara." Ta tura wa Lawali.

Da ta juyo ta ga Harun ya zuba mata ido, fuskarsa ta canza.

"Lafiya, Ustaz?"

"Me kika tura?"

"Ƙarar teku ce kawai, na tura wa Kaka."



"Tamam. Mu je gida, rana ta yi."

*

Bayan azahar gidan ya yi tsit. Harun ya fita gaida abokan mahaifinsa, Ubaida ta shiga maƙwabta, Hajja ta kishingiɗa a ɗaka.

Rabi'atu ta zauna tana saƙa da warwara. In baki ya kasa, ai hannu bai kasa ba. A gidansu an koya mata cewa zuciyar suruka da hidima ake buɗe ta.

Ta hango fararen laffayoyin Hajja a cikin kwando, an tara za a wanke.

Ta ɗaura ɗamara.

Mazubin ruwa biyu ne a tsakar gidan. Akwai shuɗiyar durom a bakin banɗaki, akwai kuma babbar randa a ƙarƙashin rumfa, an rufe ta da faifai da farin ƙyalle. Ta fara ɗiba daga durom, ta zuba sabulu, ta cuɗa ta cuɗa, kumfa ya ƙi tashi. Ta ɗanɗana, ta ji gishiri-gishiri.

"Haba," ta ce a ranta. "Farin kayan Hajja da wannan ruwa? Ai sai ya dafe."

Ta buɗe randa. Ruwa garai-garai, sanyi ƙalau.

Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. Yarinyar da ta saba murɗa famfo a Alƙahira Nilu ya zubo mata, ina za ta san cewa a Bor Sudan ruwa iri biyu ne? Na durom shi ne na wanka da wanki. Na randa shi ne na sha, wanda mai amalanken jaki ke kawowa daga nesa, in ya zo yau ba a san ranar da zai sake waiwayo layin ba.

Ta wanke, ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa. Ta shanya laffayoyin nan sun yi fari tas suna ɗaukar ido. Har da sauran kumfan ta wanke tsakar gida. Gumi ya jiƙe ta sharkaf, amma ranta fes.

Tana cikin matse na ƙarshe Ubaida ta yi sallama.

Ta dubi igiya. Ta dubi ƙasa a jiƙe. Ta dubi randa a buɗe.

Ta ruga ta leƙa ciki, moɗa ta daki gindin randa ƙwal.

"Innalillahi! Amarya, me kika yi?"

"Wanki na yi wa Hajja, Yaya."

"Da wane ruwa?"

"Na randa. Na durom ɗin ba ya kumfa."

Ubaida ta ɗora hannu biyu a ka.

"Ruwan shanmu! Ruwan shan gidan nan kaf! Ke ko tambaya ba kya yi? Yumma, uwar tamu, mai ciwon ƙoda ce, likita ya hana ta kusantar ruwan gishiri. Yau me za ta sha? Laffaya?"

Kayan da ke hannun Rabi'atu ya suɓuce ya faɗi.

Garin neman gira ta rasa ido.

"Wallahi ban sani ba, Yaya. Wallahi gyara na so in yi."

Ta durƙushe a jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ta fashe da kuka. Shi ke nan, ta faɗa a ranta. Dama ana neman dalili, ga shi ta kawo da hannunta.

Labule ya motsa.

Hajja Hawwa ta fito tana dafa bango, 'yar siririyar tsohuwa mai tsagen Sudan a kumatu. Ta dubi randa. Ta daɗe tana duban laffayoyinta a kan igiya. Sannan ta dubi yarinyar da ke durƙushe, hannuwanta sun yi jawur da cuɗa, leɓenta ya bushe ya yi fari.

"Ubaida, ya isa. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu."

Ta koma ɗaki. Ta fito riƙe da ɗan tulun da take ajiyewa a gefen gadonta, wanda shi kaɗai ya rage a gidan mai ruwan daɗi. Ta tsiyaya a kofin silba har ya kusa cika.

"Yumma, naki ne fa!" in ji Ubaida.

Hajja ba ta kula ta ba. Ba ta kuma ce "ba ta" ba. Da hannunta ta miƙa.

Rabi'atu ta karɓa hannu biyu. Ta yi bismillah ta kafa kai. Ruwan na sauka tana jin kunya na sauka tare da shi.

Da ya rage kamar kurɓa ɗaya sai ta cire bakinta. Ta rufe kofin da tafin hannu, ta ajiye shi a bayanta ta hagu, ta yi wata 'yar magana ƙasa-ƙasa. Ba da tunani ta yi ba. Haka take yi tun tana yarinya, har ƙawayenta a jami'a suna mata dariya.

Ubaida ta saki baki.

"Ikon Allah! Kin zubar da randa, wannan ma ragewa za ki yi? Shanye mana!"

"Me kika ce?"

Ba muryar Ubaida ba ce.

Rabi'atu ta ɗago. Hajja ce, kuma ita take kallo, ido cikin ido.

Yau ce rana ta farko da ta yi mata magana.

"Ki yi haƙuri Hajja, zan shanye."

"Ban ce ki shanye ba. Da kika rufe kofin, me kika ce?"

"Ba komai ba ne, Hajja. Sabo ne."

"Maimaita."



"Cewa na yi, saura na wadda ke baya."

Tulun ya kusa kuɓucewa daga hannun tsohuwar. Ubaida ta yi wuf ta tare, ta zaunar da ita a bakin gadon igiya da ke ƙarƙashin rumfa.

"Wa ya koya miki?"

"Kakana. Shi ba ya taɓa shanye ruwa. Ko a azumi ne sai ya rage, ya rufe, ya ajiye a bayansa ya faɗi haka. Ni kuma a wajensa na tashi."

"Kun taɓa tambayarsa wace ce a bayan?"

"Mun sha tambaya. Sai ya ce mu bar shi da tsufansa."

Hajja ta runtse ido. Hawaye ya biyo tsagen kumatunta.

"Matso nan, yarinya."

Ta matsa da gwiwa har ta taɓa ƙafafunta.

"Ni ba a garin nan aka haife ni ba. Da ƙafata na zo, ina 'yar mitsitsiya, haƙoran gabana ma ba su gama fitowa ba. Uwata ta rasu a hanya, wajen Darfur. Daga ni sai Baffana, mahaifina."

Ubaida ta zauna a ƙasa a hankali. Da gani ita ma ba ta taɓa jin wannan da kyau ba.

"Shi yana gaba da kaya, ni ina baya ina jan ƙafa. In muka samu ruwa, shi yake fara kurɓa don ya ji ko mai kyau ne. Ya jiƙa maƙoshi kawai, ya rufe ƙoƙon da hannu don ƙura, ya miƙo baya ba tare da ya waiwayo ba. Ya ce, saura na wadda ke baya."

Tsigar jikin Rabi'atu ta tashi.

"Da muka iso nan masu jirgi suka ce ba sa ɗaukar yara, ruwa ya yi hauka a shekarar. Ya damƙa ni hannun wata mata mai sayar da abinci. Ya ce, ki jira ni, ina sauke farali zan dawo. Na tsaya a bakin ruwan can da Auta ya kai ki yau, ina kallo har jirgin ya zama ɗigo."

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Matar ta yi min tsagen nan don a ce 'yarta ce. Ta aurar da ni. Na haifa, na aurar, na binne miji. Duk jirgin da ya shigo sai na je. Har na daina zuwa."

"Hajja..."

"Shi ya sa ban so ki ba, ban ɓoye miki ba. Ba ke na ƙi ba. Na ce mutanen can in sun tafi ba sa waiwaye. Na ce za ki ja min Auta yamma, in koma bakin ruwa da tsufana."

Ta kamo fuskar Rabi'atu da hannu biyu, tana dubawa kamar mai neman wani abu da ya ɓace.

"Yaya sunan kakan naki?"

Kafin ta buɗe baki aka amsa daga bakin ƙofa.

"Giɗaɗo, Yumma. Malam Giɗaɗo na Gusau."

Harun ne. Ba wanda ya ji shigowarsa. Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a zaure.

Hajja ta juya a hankali.

"Ka sani?"

Ya zo ya zube a gabanta.

"Da farko zargi nake yi, Yumma. Ranar da na fara ganinta a Abbasiya can Alƙahira, a shagon masu ruwan rake, na ga ta rage ta rufe ta faɗi kalmar nan. Ni kuma na taɓa jin ki kina faɗinta cikin zazzaɓi. Na bi ta don in tambaya."

Rabi'atu ta juyo.

"Don ka tambaya? Ashe ba ni ka gani ba, Ustaz? Kofi ka gani?"

"Kofi na gani ranar farko," ya ce, idonsa ya kaɗa. "Rana ta biyu na manta abin da ya kawo ni. Wallahi Rabi, ko da kakanki Bature ne sai na aure ki."

Ubaida ta yi dariya cikin kuka. Rabi'atu ta sunkuyar da kai, don ta yarda da shi, kuma ba ta so ya gani da wuri.

"Yaushe ka tabbatar?" Hajja ta tambaya.

"A asibiti, ranar da za a shiga da shi aikin ido. Ya ji tsoro, ya riƙe hannuna ya ce akwai abin da bai taɓa faɗa wa 'ya'yansa ba. Ya ce a Jidda aka kama su ba takarda, aka zuba su a jirgin sama sai Kano. Ya sayar da gonarsa ya ba wani mai zuwa gabas ya ɗauko masa 'yarsa. Mutumin ya dawo ya ce annoba ta shiga unguwar, yarinyar ta rasu."

Hajja ta dafe ƙirji.

"Bai manta ba?"

"Yumma, mutumin da har yau bai shanye ruwa ba?"

Kukan da tsohuwar nan ta saki ba na tsofaffi ba ne. Kukan yarinya ne, wadda aka bari a bakin ruwa. Ta jawo Rabi'atu ta rungume, tana shafa kanta, tana shanshana wuyanta.

"'Yar ƙanina. Jinina ce ta wanke min kaya ina ɗaure mata fuska. Allah ya yi miki albarka. Allah ya yi wa aurenku albarka. Ki zubar da randa goma in kin so."

Albarkar da Rabi'atu ta tsallako ƙasa don ta ji, ga ta ta samu, a jiƙe da kumfa da hawaye. Ta ƙanƙame surukarta, wadda ashe gwaggonta ce, ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

Sai Hajja ta ɗago da sauri.

"Auta. Ka ce asibiti. Yana da rai?"

"Yana da rai, Yumma. Yana gidanmu a Alƙahira."

"Kai ni."

"Zan kai ki. Amma a hankali. Shi a saninsa kin rasu, kuma zuciyarsa ba ta da ƙarfi, likita ya ce kar a tayar masa da hankali. Shi ya sa na yi shiru. Na so in fara shirya ki, in koma in shirya shi, sannan..."

Wayar Rabi'atu ta ɗauki ƙara a kan taga.

Ubaida ta miƙo mata. Sunan Lawali ne a kai.

Harun ya girgiza mata kai. Amma ta san Lawali ba ya kira da rana sai da dalili. Ta ɗauka, hannunta ya danna lasifika ba ta lura ba.

"Rabi, mi kika turo ma tsohon ga?" Muryar Lawali ta cika tsakar gidan. "Tun da na kunna mai ƙarar ruwan nan yake kuka. Ya ƙi cin abinci, ya jiƙe bandejin, likita kuwa ya ce kar hawaye ya taɓa idon. Ya ce lalle sai na kira ki. Ga shi."

Aka ji motsi, aka ji numfashi mai nauyi.

"Amaryata," in ji wata tsohuwar murya mai rawa. "Wurin da kika tsaya, akwai wani dutse baƙi mai faɗi ta hannun dama? Nan na bar..."

Ya kasa ƙarasawa.

Rabi'atu ba ta san lokacin da wayar ta bar hannunta ba.

"Yumma, don Allah!" Harun ya miƙa hannu. "Yumma, ba yanzu ba!"

Hajja Hawwa ta kai wayar bakinta da hannu biyu, kamar yadda ake karɓar ƙoƙon ruwa.

"Baffa."

Shiru.

"Baffa, wadda ke baya ce."

Shirun ya yi tsawo har Rabi'atu ta zaci layin ya yanke. Can sai muryar ta dawo, siririya, da sunan da ba wanda ya taɓa kiran Hajja da shi a garin nan.

"Kulu?"

Sai ƙarar kofi ya faɗi a kan tayil, ya yi ta gangarawa.

Sai muryar Lawali.

"Kaka! Kaka! Rabi, mi kuka ce mai? Kaka, buɗe baki ka yi min magana!"